Shawara ga masu son kwashe waƙoƙin faifan CD zuwa kwamfuta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk wanda ke da faya-fayen CD na waƙoƙi ko karatun malamai ajiye a akwati, ya kamata ya kwashe su tun kafin zafin Tahoua da ƙurar hunturu su lalata su.

Manhajar da nake amfani da ita ita ce fre:ac, kyauta ce, tana aiki a Windows, Mac da Linux, kuma faifai mai tsabta ba ya wuce ƴan mintoci. Idan faifan ya kakkarce, a koma ga manhajar Exact Audio Copy, wadda ke maimaita karanta wurin da ya lalace. Tana ɗaukar lokaci, amma da ita na ceto waƙoƙin bikin iyayena. Kafin a saka faifai, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, ba a kewaye ba.

Don adanawa a zaɓi tsarin fayil ɗin sauti na FLAC, domin ba ya rage komai daga ingancin sauti. Tsarin MP3 mai 320 kbps (ma'aunin ingancin sauti) ya wadatar ga waya, a wannan tsarin faifan minti 80 bai kai megabait 200 ba. Yawancin faya-fayenmu na gida ba su cikin rumbun intanet da manhajar ke ɗauko sunayen waƙoƙi daga ciki, saboda haka sai mutum ya rubuta sunan mawaƙi da na kowace waƙa da hannunsa.