Yadda ake gane lu'ulu'u mai daraja kafin a biya kuɗi

Sarƙoƙin lu'ulu'u (ƙwayar da kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, ke yi a cikinta) da ƴan kasuwa da alhazai ke shigowa da su Yamai daga Dubai ko Makka, mai arha da mai tsada duk kamar ɗaya suke a ido. Sai an taɓa ake rabe su.

Da farko ki tabbatar ba roba ko gilashi ba ne. Goga ƙwaya ɗaya a hankali a bakin haƙorinki na gaba. Na gaskiya yana da ɗan kaushi, na jabu kuwa santsi gare shi. Ki leƙa bakin hudar da zare ya bi. In fenti na ɓarewa a wurin, ajiye wa mai shago kayansa.

Sai sheƙi, kuma nan kuɗin yake. Fitilar shago mayaudariya ce, don haka ki fito bakin ƙofa, ki ɗora sarƙar a kan farin ƙyalle a inuwa. Mai kyau, za ki hango fuskarki a jikin ƙwayar sarai. Wanda ya yi dishi-dishi kamar alli, ko ya kai girman gurjiya, bai cancanci tsada ba. Sheƙin nan daga rufin da kawa ke shafa wa ƙwayar ne, shafi bisa shafi. Ki murza ta a haske: in haskenta na zuwa yana ɗaukewa, rufin bai yi kauri ba, ba zai daɗe ba zai goge.

Girma da milimita ake aunawa. Akoya na Japan yawanci 6 zuwa 8 ne, na tekun Ostareliya kan wuce 12, na Tahiti baƙi ne mai ratsin kore. Na ruwan daɗi daga Sin ya fi yawa, ya fi sauƙin kuɗi.

Mirgina sarƙar a kan tebur; ƙwayar da ba ta kewaye sosai ba za ta yi tangal-tangal. Ɗan tabo kusa da huda ba laifi, tsaga ce abin gudu. Ƙwayoyin su dace a launi, zaren kuma ya zama da ƙulli tsakanin kowace biyu.

In mai shago ya rantse cewa nasa daga teku aka tsinto, ki nemi takardar awo. Bayan da Mikimoto, wani ɗan kasuwar Japan, ya samu lu'ulu'unsa na farko daga kawar da yake kiwo a 1893, na kiwo ya zo ya mamaye kasuwa, kuma sai da hoton na'ura (X-ray) ake bambanta shi da na tsinto.