Yadda zaka hada shirin hirar dare na shirme wanda zai bada dariya da gaske

Kafin ka fasa tebur sai ka fara sanin teburin. Shirin hirar dare irin na Amurka yana da tsari wanda kusan bai canza ba tun da tashar NBC ta fara The Tonight Show a 1954, Johnny Carson ya rike shi daga 1962 zuwa 1992 ya kafe tsarin daram. Makada su buga, a kira sunan mai gabatarwa da karfi, ya fito daga bayan labule cikin kwat da taye, ya tsaya yayi 'yan barkwanci akan labaran ranar, sannan ya koma bayan tebur, ga abokin zama a gefe wanda kusan aikinsa kawai dariya da gyada kai, sai bako ya shigo tallar sabon fim dinsa ya bada wani labari kamar yanzu ya tuna shi alhali tun da rana furodusa ya riga yaji labarin sun tsara inda za'a yi dariya. A rufe da waka. Ka zauna ka kalli irin wadannan shirye-shiryen da biro a hannu, ka rubuta duk abinda suke maimaitawa, har kofin da ke kan tebur da katin tambayoyi da hoton gari da daddare da ke bayan mai gabatarwa. Wannan takardar itace kayan aikinka.

To ga inda mutane da yawa suke bata abin. Suna zaton shirme shine kowa ya haukace lokaci daya, mai gabatarwa na ihu, bako na ihu, mai kamara na tsalle. Wlh minti biyu mai kallo zai gaji. Shirme baya bada dariya sai yana da abinda yake karyawa, saboda haka ka bar tsarin nan yadda yake, labulen, teburin, makadan, gaisuwar ban girma ga bako, duk su zauna, sai ka rika zare musu kusa daya bayan daya.

Dubi The Eric Andre Show da tashar Adult Swim ta Amurka ta fara nunawa a 2012. Kowane shiri Eric Andre yana budewa da ragargaza dandalin gaba daya, ya fada kan tebur ya farfasa, ya kai wa mai ganga hari, ya yaga labule, har sai ya gaji yana haki ya zube a kujera, sai kawai a turo sabon tebur a gyara komai kamar ba'a yi ba, abokin zamansa Hannibal Buress, kafin ya bar shirin a 2020, ya shigo a sanyaye ana tafi. A ganina turo sabon teburin nan yafi fasawar ban dariya, domin yana nuna maka shirin ba zai tsaya ba ko me mutumin nan zai yi, dole yayi hirar. Kai ma ka nemi naka abin da zai rika dawowa duk sati, amma don Allah kar ka kwafi fasa tebur, an riga an ci wannan kasuwar.

Sai maganar mutum na biyu, kuma nan zan dan dade saboda shi ake rainawa. Idan mai gabatarwa wuta ne to abokin zama dole ya zama mutum mai sanyin jiki wanda fuskarsa bata motsi, wanda zai kalli abin mamaki ya ce abu mafi sauki a duniya, ko kuma ya fadi gaskiyar da mai kallo ke rayawa a ransa, irin "kai wannan barkwancin bai yi ba fa". Shine wakilin mai kallo a cikin dakin. A shirin Eric Andre kujera daya ce tal banda ta mai gabatarwa, in bako yazo sai Hannibal ya tashi ya tsaya a bayansa ko a gefensa har a gama, kaga karamin abu ne wanda ba'a kashe ko sisi akansa ba amma bako baya samun sukuni saboda akwai mutum tsaye a kansa yana kallonsa. Irin wadannan kananan rashin dadin su zaka rika nema. Kujerar bako tayi kasa da yawa, ko ta rika jijjiga, ko kofin ruwan da aka bashi ya zama babu komai ciki amma kowa yana kurbar nasa. Kar ka dauko abokinka mafi surutu ka bashi wannan aikin, dauko wanda in yayi magana a taro sai anyi shiru na dakika biyu sannan a fashe da dariya.

Dandali kuma kar ka wahalar da kanka, arha ma tafi. Kakar farko, wato zangon farko, ta shirin Eric Andre da gangan aka yi ta kamar wani tsohon shirin karamar tashar unguwa, hoto dishi-dishi, labule mai ban tausayi. Shirin Between Two Ferns na dan wasan barkwanci Zach Galifianakis da ya fara a 2008 kujeru biyu ne da tukwanen shuka biyu da bakin kyalle a baya, shikenan, kuma a haka Barack Obama yana shugaban kasa ya zauna a ciki a 2014 don tallata shirinsa na inshorar lafiya. Abinda ba zaka yi wa rowa ba shine sauti. Hoto mara kyau salo ne, amma murya mara fita kuskure ne kawai, kowa ka makala masa nasa makirfo. Idan kuma akwai abinda za'a fasa to a hada shi da katako mara nauyi a dan tsattsaga shi tun kafin shutin, kwalba kuma akwai ta bogi da ake yi don fim wadda bata yanka, kar wani yaje ya rotse kansa da ta gaske saboda bidiyon minti goma.

Yanzu bako. Hanya biyu ce. Ko dai ya san komai ya shiga wasan, ko kuma ya san shirin barkwanci ne amma bai san abinda zai faru ba. Ta biyun tafi dadi saboda fuskar mutum da ya rikice da gaske babu dan wasan da zai iya kwaikwayonta, sai dai tana da hadari, akwai bakin da suka tashi suka fice daga shirin Eric Andre ana tsakiyar hira. In baka da manyan baki ba matsala, su Eric Andre ma a kakar farko sun kawo masu kama da taurari suka gabatar dasu da sunan taurarin, babu wanda ya nuna ya lura. Tambayoyi kuwa ka fara da na hankali guda biyu uku har bako ya saki jiki, sannan ka jefo wadda bata da kai bata da gindi da murya irin ta mai karanta labarai, kar kayi murmushi, kar ka kalli kamara kana kashe ido wai a san wasa kake, da zarar ka nuna ka san abin dariya ne ka kashe shi. Kuma dokar da nake ganin bata da sassauci: wanda ya kamata yafi kowa shan kunya a dakin shine mai gabatarwa. Shi zai fadi, shi zai manta sunan bako, shi zai yi kuka ba dalili. In ya zama bako ake wulakantawa shi kuma oga yana zaune tsaf, ya tashi daga barkwanci ya koma cin mutunci, mai kallo kuma yana ganewa nan take.

Kamara akalla biyu, daya kar ta bar fuskar bako ko da dakika daya, ko gini ne ke rushewa a daya gefen.

Amma fa ainihin shirin a kwamfuta ake yinsa wajen editin. Shirin Eric Andre kusan minti 11 ne kacal, hirar da ake dauka mai tsawo sai a matse ta ta koma 'yan mintuna, a zubar da duk inda bako ya gano wasan ya fara tayawa. Kafin shi akwai Space Ghost Coast to Coast da Cartoon Network ta fara a 1994, suka dauko jarumin wani tsohon katun na shekarun 1960 suka zaunar dashi bayan tebur, baki mutane ne na gaske a cikin allon talabijin, ana daukar hirar daban sannan daga baya a sake rubuta tambayoyin a manna su da amsoshin da basu dace ba, sai kaga bako yana dariya a inda aka zage shi ko yayi shiru yana zare ido a inda aka gaishe shi. Wannan dabarar har yau tana aiki. Ka dauki dogo ka yanke ba tausayi. Ka bar shiru yayi tsawo har ya fara damun mutum, sannan ka kara masa dakika biyu. Ka sa tafin 'yan kallo na bogi a inda ba'a ce komai ba, ka cire shi a inda aka yi barkwanci mai kyau. Ka yanke magana a tsakiyar kalma ka tafi talla, tallar ma taka ce ta karya. Abin dariya in ka maimaita shi sau biyu ya isa mai kallo ya fara jiransa, na ukun sai ka canza masa hanya ko ka hana shi zuwa sam.

Fita titi da boyayyar kamara yana kara wa shiri iska tsakanin hira da hira, kuma nan ne ake samun rigima. Duk wanda fuskarsa zata fito sai an bishi bayan an gama an gaya masa shiri ne ya sa hannu a takardar amincewa, wanda yaki a dusashe fuskarsa ko a cire shi. Dokar daukar mutane da muryarsu ta bambanta daga kasa zuwa kasa, wani wurin ma daga jiha zuwa jiha, ka bincika ta inda kake tun kafin ka fita. Ka ajiye mutum daya a kusa wanda aikinsa kawai ya shiga tsakani in abu ya fara zafi, yara da marasa lafiya da wanda ke cikin uzurinsa kuma a kyale su.

In ka gama hadawa ka nuna wa mutum biyu uku da basu je wajen shutin ba, kar ka yi musu bayanin komai, ka zauna a baya ka lura da inda suka dauki waya suka fara latsawa. Wurin nan ka koma ka yanke shi, ko da shine wanda kuka fi shan wahalar dauka.