Yadda Ake Tsara Tafiyar Aiki Zuwa Ingila, da Zaman Yamma da Sayen Kayan Kafinta

Ma'aikacin da aka tura Ingila na mako guda daga Maradi ba shi da lokacin kansa sai 'yan awoyin yamma da wataƙila Asabar ko Lahadi, kuma abubuwa biyu ne za su yi ta ja masa waɗannan awoyi: gayyatar abokan aiki, da kayan aikin da ya daɗe yana sha'awar mallaka. Na rubuta wannan ne domin irina, wato wanda aikin ofis ne sana'arsa amma yake taɓa kafinta a zaure ranar hutu.

Matakin farko a gida ake yin sa. Kafin ka hau motar Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600 kuma take cin yini, ka zauna ka rubuta abin da kake bukata da gaske, sa'annan ka zagaya babbar kasuwa ka ji farashi. Guduma da zarto da ƙusa da awartaki duk akwai su a nan, kuma wauta ce mutum ya ɗauko su daga Landan. Abin da ya cancanci gurbi a akwati shi ne wanda ba a samun mai kyaunsa a nan, kamar kurfi mai ƙarfen ƙwarai, da dutsen wasa kaifi, da ma'auni mai daidaito. Ka auna akwatinka tun a gida, domin yawancin kamfanonin jirgi kilo 23 suke yarda wa akwati ɗaya, ƙarfe kuwa ba shi da sauƙi.

Da ka isa, a daren farko ko na biyu wani zai ce a tafi mashaya bayan an tashi. Ya kamata ka fahimci cewa a wajensu wannan wuri tamkar fada ce ta shayi a wajenmu, inda ake tuɓe girman ofis a yi hira, kuma sau da yawa maganar da ta ƙi warwaruwa a ɗakin taro a can take warwaruwa. Saboda haka ka yanke shawararka tun kafin a tambaye ka. Idan zuciyarka ba ta natsu da shiga inda ake shan giya ba, ka faɗa a fili cikin ladabi cewa addininka ne ya hana, sa'annan ka ba da shawarar wani dare a je gidan abinci na halal, waɗanda suke da yawa a Landan da Bamingham. Abin da ba na so shi ne ƙaryar ciwon kai kowane dare, domin a dare na uku kowa ya gane.

Idan kuwa ka zaɓi zuwa, to ga yadda abin yake. Ba a jiran wani ya zo tebur ya tambaye ka, kai ne za ka je gaban kanta ka faɗi abin da kake so ka biya nan take, galibi da katin banki. Suna da al'adar karɓa-karɓa, inda mutum ɗaya yake saya wa kowa, daga baya wani ya karɓa. A nan ne za ka yi hattara, domin idan ka bari aka saya maka lemo a zagayen farko, to layi zai zo kanka ka saya musu giya da kuɗinka. Tun da fari ka ce kai za ka riƙa sayen naka da kanka, ba wanda zai ji haushi. Wajen abinci ka tambaya ko akwai naman alade, kuma ko soyayyen kifin nan da suke alfahari da shi ka tambaya, saboda wasu da giya suke kwaɓa fulawarsa. Ka kuma lura da Magariba: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Awa ɗaya a mashayar ta wadatar, ka yi sallama ka koma masauki.

Sai maganar sayayya. Manyan shagunan kayan aiki irin B&Q awa shida kawai doka ta yarda su buɗe ranar Lahadi, saboda haka kada ka bar komai sai ranar ƙarshe. A shagon kayan aiki na Screwfix ana duba kaya ne a intanet, a biya, a miƙo maka a kanta. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne kasuwar gwanjo ta safiyar Lahadi, inda mutane suke buɗe bayan motocinsu a fili suna sayar da tsofaffin kaya. A can na tsinci kurfi uku masu tambarin Shafil, garin da ya yi suna da ƙarfe, sun yi tsatsa, ƙotar ɗaya ta tsage, amma da na wasa su a gida sai ga su suna shiga madaci kamar wuƙa a sabulu. Ka sani kuma tun watan Janairun 2021 Ingila ta daina mayar wa baƙi harajin kashi 20 da ke cikin farashi.

Injin lantarki yana bukatar ƙarin lura. Ƙarfin wutarsu bolt 230 ne, ya dace da namu, sai dai fulogi nasu mai ƙafa uku ne masu faɗi, dole ka sayi mahaɗi ko ka canza kan a nan. Idan injin huda mai batir ne, ka duba lambar da ke jikin batirin: wanda bai wuce 100Wh ba (Wh ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka ne) yana shiga jirgi ba tare da neman izini ba, kuma batir mai bolt 18 da 5Ah yana kan 90Wh ne. Batirin da aka cire daga inji a jakar hannu yake tafiya, an rufe bakinsa da salatif, alhali duk abu mai kaifi ko tsini sai a akwatin da ake aunawa. Na taɓa manta sukudireba a jakar hannu, kuma a wurin bincike na bar ta.

Daga ƙarshe ka naɗe kowane kurfi da tsumma ko safa, ka sa su tsakiyar tufafi, ka ajiye rasiɗai wuri ɗaya da fasfo, domin idan ma'aikatan duwan a filin jirgin Diori Hamani na Yamai suka buɗe akwati za su so su san ko kayan amfaninka ne ko na sayarwa.