Yadda ƙungiyar kiwon lafiya za ta riƙe magoya bayanta a kafafen sada zumunta

Ƙungiyar agaji da ke aikin lafiya a Katsina, ko da hedikwatarta tana Ingila ko Faransa, ba za ta tara magoya baya da sanarwar Turanci kaɗai ba. A fara da sanin inda jama'a suke. Matasa suna Facebook da TikTok, amma iyaye mata da dattawa sun fi sauraron saƙon murya a WhatsApp, domin ba kowa ne ke karanta boko ba, kuma murya ba ta cin data kamar bidiyo.

Ranar 25 ga Afrilu ce ranar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ta duniya, sai dai a ganina damina ta fi muhimmanci, lokacin da ma'aikata ke bi gida-gida duk wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi. A ɗauki gajeren bidiyon ma'aikaciya tana narka ƙwayar a cokali, tana yi wa uwa bayanin ragowar da za ta ba yaron a kwanaki biyu masu zuwa. Kada a nuna fuskar yaro sai da izinin mahaifansa.

Idan jita-jita ta taso, a amsa cikin ladabi, a nemi liman ko mai unguwa ya yi magana da bakinsa. Goyon bayan sarakuna da malamai ya taimaka ƙwarai kafin a ayyana kawar da ainihin ƙwayar cutar shan inna daga Afirka a 2020.

Masu ba da gudummawa kuwa, a riƙa nuna musu inda kuɗinsu ya tafi, unguwa-unguwa.