Yadda Ake Farfaɗo da Fako da Ramukan Tassa

Da farko, tun da rani, a haƙa ramukan tassa, wato ramukan shuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin kamar 15, taku ɗaya tsakaninsu, yadda manoman Illela ta jihar Tawa suka saba. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare domin ta tare ruwa.

Sannan a zuba tafi biyu na ruɓaɓɓen taki a kowane rami. Kada a kori garar da za ta biyo shi, domin ita ce ke huda ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ya ratsa.

Idan ruwan shuka ya sauka, a shuka gero ko dawa a ciki. Duk tsiron gawo da ya fito, lallai a bar shi ya girma.