Yadda ake kula da tsohuwa in rikicin tsufa ya fara

Kakarmu ta wajen uwa, Hajiya muke ce mata, sai da ta yi wajen wata shida tana tambayarmu ko ta yi azahar, sau uku sau huɗu a rana, kafin muka gane ba mantuwa ce irin ta kowa ba. Ga abin da muka koya, wasu a bakin likita wasu kuma wahala ce ta koya mana.

Da farko ku lura da yadda abin ya zo. In jiya lafiya lau take, yau ta tashi bata gane mutane, tana sambatu ko barci ya mata yawa, kar ku ce tsufa ne kar ku ce iska ce, a ranar za ku kai ta asibiti. Sau da yawa ciwon mafitsara ne ko zazzaɓi ko ruwan jiki ya yi ƙasa ko suga ya sauka, kuma in an magance abin hankalinta yakan dawo. Wanda ke zuwa sannu a hankali wata da watanni shi ne cutar mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ita nau'in da ake kira Alzheimer ne ke damunsu, wasu kuma hawan jini ne ya lalata musu jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Sai magani. Ku tattara duk abin da take sha a leda ɗaya, har na kemis da na gargajiya, ku kai wa likita ya gani, don Piriton da ƙwayoyin barci suna ƙara ruɗa tsoho. Ku roƙa a duba mata ido da kunne, wanda baya ji sosai sai a ɗauka ya rikice.

Abu mafi wuya shi ne daina musu da ita. Hajiya takan ƙulle kuɗinta a haɓar zani ta manta, sai ta ce yarinyar gidan ce ta ɗauka, yarinyar ta yi ta kuka wallahi. Da muna cewa haba Hajiya ba wanda ya taɓa miki, sai abin ya ƙara zafi. Yanzu sai mu ce to Hajiya tashi mu duba tare, mu kwance haɓar a gabanta, shikenan magana ta wuce.

Magariba ce lokacin da ruɗewar ta fi tashi, a lokacin take ɗaukar mayafi wai zata gida. Ku kunna fitila tun rana bata faɗi ba, a rage hayaniyar yara da talabijin, wani ya zauna kusa da ita da carbinta. Ku sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi, a ɗinka lambar waya a cikin hijabinta. Kuma ku raba kwana tsakaninku, mu Umma ce ke kwana da ita ranakun aiki, ni da yayata Asabar da Lahadi.