Yadda ake buɗe gafakar gado ba tare da an hargitsa littattafan ciki ba

Gidajen malamai a birnin Katsina, Masanawa ne, Gafai ne, Gambarawa ne, har Daura da ƙauyukan kewaye, da wuya ka rasa tsohuwar gafaka ko akwatin ƙarfe da za a ce maka na marigayi Malam ne. Garin da ya fidda su Ɗan Marina da Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, da Muhammadu al-Katsinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741, ai dole a samu rubutu a ɗakuna. Abin da ke ci mani rai shi ne ɓarnar masu son gyara, yaro ya ji ana maganar adana tarihi sai ya kwaso takardun ya zazzage bisa tabarma, kafin la'asar ya hargitsa abin da ya shekara ɗari lafiya lau. To ga yadda ake yi.

Ka fara samun izinin manyan gida, wannan kayan gado ne ba naka kai kaɗai ba. Ka zaɓi ranar da ba hadari, ka shimfiɗa farin ƙyalle bisa tebur, ka kashe fanka ka tura taga. Ka wanke hannu, in Alƙur'ani ne ka yi alwala, amma ka jira hannun ya bushe ƙarau, kuma ban da man shafawa, ban da lasar yatsa wajen buɗe shafi. Kofin shayi ko ruwa kada ma ya shigo ɗakin.

Yanzu ga wurin da kusan kowa ke faɗuwa. Littattafanmu na da ba ɗinke suke ba, warƙa warƙa ne a sake, an haɗa su cikin tadarishi, wato bangon da ke riƙe su, an ɗaure da igiyar fata an jefa gafaka, kuma galibi babu lambar shafi ko ɗaya. Gafaka guda za ta iya ɗaukar Ishiriniya da Risala da waƙar wa'azi ta ajami da wasiƙu da takardar bashi duk a cakuɗe. Mai farawa da ya ga haka sai hannunshi ya fara ƙaiƙayi, ya ce bari in ware manya gefe ƙanana gefe, masu jan tawada nan masu baƙa can. Don Allah kada ka ware komai. Yadda ka same su jere, ko da kai a ganinka a hargitse suke, wannan jerin shi ma bayani ne, wata ƴar guntuwar takarda da Malam ya cusa tsakanin warƙa biyu ƙila sharhin wannan wurin ce, in ka zare ta ka aje gefe shi ke nan ba mai sake sanin inda ta fito.

Abin da za ka yi, ka aje tarin gabanka ka ɗauko warƙa ta sama, ka sa mata lamba 1 ƴar ƙarama can a kusurwa da fensir mai laushi, biro haramun ne a wannan aiki a wurina, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka kife ta gefe, ka ɗauko ta biyu. Haka har ƙarshe, har guntaye har farar da ba rubutu. In ranka bai kwanta da sa fensir jikin Alƙur'ani ba, rubuta lambar a wata takarda ka aje kusa da ita ta fito cikin hoton. Sai ka gama wannan kaf sannan a yi maganar jerawa, kuma a hotunan za a jera, asalin yana nan yadda yake.

Wajen jerawar marubutan sun bar mana jagora. Juya bayan warƙa ka duba can ƙasa ta hagu, ƙarƙashin layin ƙarshe, za ka ga kalma ɗaya ita kaɗai, to ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da ita ake bin sawu. Sai dai a yi hattara, kalmar Larabci irin ƙala ko summa tana iya buɗe warƙa goma a littafi ɗaya, na ga masu haɗa fiƙihu da nahawu saboda kalmar ta dace kawai. Dole ka haɗa da duba hannun marubucin, yawan layuka, girman takardar da kalar tawada, sannan ma'ana ta ɗore. Shi ya sa nake cewa ka nemo alaramma ko malamin zaure ya zauna kusa da kai, mutumin da ya haddace littafin layi ɗaya zai karanta ya ce maka nan akwai giɓin warƙa biyu. Ka ba shi abin goro mai kauri, ya fi duk wata manhaja amfani.

In ka kai ƙarshen littafi ka karanta wurin tammat da kyau, nan ake samun sunan wanda ya kwafa, wani lokaci da wanda aka kwafa domin shi da shekara. Waƙoƙin ajami kuma sau da yawa shekarar tana cikin ramzi a baitocin ƙarshe, haruffa ne ake lissafawa, kuma lissafin Magaribawa ya sha bamban da na gabas a wasu haruffan, kada ka yi da ka. Ɗaga warƙa ɗaya saitin haske, in ka ga tambarin jinjirin wata uku cikin jikin takardar to irin wadda ake kawowa daga Italiya ce ta hanyar Sahara. Amma wannan shekarun kwafin yake nuna maka, ba lokacin da aka wallafa littafin ba.

Shara kuma da burushi mai laushi kawai, daga tsakiya zuwa baki. Ban da ruwa, ban da hurawa da baki, tawadar da aka haɗa da ƙaro da ta ji danshi za ta narke. Warƙoƙin da suka manne ka bar su manne. Wadda ta yage ka sa ta cikin farar takarda naɗe biyu. Salatif yana barin tabon da ba ya fita, laminatin kuma kashe takarda ne gaba ɗaya, zafi da roba sun shige ta ba a iya cirowa, ga tsada a banza.

Hoto wayarka ta isa, a inuwa da rana, ba filashi, wayar saitin sama daidai, ka aje rula gefe, kuma gefen takardar duka ya fito saboda rubutun gefe da zayyana da hatimi wani lokaci sun fi na tsakiya daraja. Manhajojin nan masu faranta takarda su goge tabo ka rabu da su. In za ka tura ta WhatsApp tura a matsayin fayil, in ba haka ba yana rage ingancin. Ka aje kwafi wuri biyu, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa.

Sai rajista a littafi: suna, mawallafi, mai kwafi, yawan warƙa, layin farko da na ƙarshe. Ka naɗe kowane tari yadda yake da farin ƙyallen auduga, ba leda ba, ba jarida ba, ba kyauron roba ba. Akwatin a ɗora shi bisa benci nesa da bango, a riƙa buɗawa ana dubawa musamman a watan Agusta.

In iyali sun yarda a kai ma'adana, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, a Kaduna kuma akwai Gidan Arewa da ma'adanar takardu ta ƙasa. Ni na fi son a ba su hotuna asali ya zauna gida in ɗakin ba ya yoyo. In kuma asalin za a bayar, a ƙirga warƙoƙin gaban shaidu, a rubuta aro ne ko kyauta, kowa ya sa hannu ku riƙe kwafinku.